Yanar Idon Malam da Komawar Yaya Dakta Baya

Yau shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayana, wanda duk Miga ke kira Yaya Dakta. Allah ya jiƙansa. Ni ce ƙanwarsa, kuma ni ce na fi kowa yi masa tsiya kan abin da zan ba ku labari.

Shekarun farko da aka ba mu jiha, ya riga ya gama ƙwarewa a kan ciwon yara, yana da ofis a Dutse da gida a Takur. Sai yanar ido ta rufe idon mahaifinmu, Malam, mai makarantar allo. Malam bai gaya wa kowa ba, ya kira wani mai magani da ke bin kasuwanni, mutumin ya soka masa tsinke a ido ya ture yanar ciki. Kwana uku Malam yana murna yana ganin haske, daga nan idon ya kumbura ya mutu. Da aka kai shi asibiti, suka ce an makara.

Malam bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya ce wa Yaya: "Ɗana likita ne, na sani. To da na zo wurinka, kai za ka cire?" Yaya ya ce a'a, ba fanninsa ba ne. Malam ya ce, "To ka gani."

Wata biyu bayan haka Yaya ya cike takardar neman koyon aikin ido daga tushe, yana da shekara arba'in da ɗoriya. Sau biyu ana mayar masa da ita. Da aka ɗauke shi, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa ne ke aikensa. Na ce masa, "Yaya, da furfurarka za ka koma aji ɗaya? Idon Malam dai ba zai dawo ba." Ya yi dariya ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Gaskiya na ji haushi, na ga kamar ya zubar da girmansa a banza.

Ya dawo ana tsakiyar hidimar ƙaddamar da shari'a. Kowa na filin taro, shi yana ƙauyukan Buji da tocila yana leƙa idon tsofaffi. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, kuma na jima ina tambayar kaina ko wahalar ta biya.

Da zai ga yau, yadda ake cire yanar ido da safe mutum ya ci tuwon dare a gidansa, na san zai ji daɗi, ya kuma yi faɗa don masu tsinken ba su ƙare ba.

Bana yanar ta zo kaina. Likitar da ta yi mini aiki ta ga sunan mahaifinmu a kati, ta ce Yaya Dakta ne ya fara koya mata riƙe wuƙa. Da aka cire bandeji na koma gida, na ɗauko Alƙur'anin da Malam ya rubuta da hannunsa. Na karanta shafi guda ba tare da an ja mini baƙi ba. Yaya, na janye maganata.