Ƙwallon Anti a Filin Kwoi

Mun tashi da asuba daga Kafanchan, ko in ce haka aka shirya. Ni tun ƙarfe biyar ina bakin coci, amma sai wajen bakwai 'yan matan ƙungiyarmu suka gama hallara, aka yi addu'a doguwa, direba ya ta da bas. Kwoi muka nufa, gasar ƙwallon raga ta matasan coci. Duk wanda aka ci ya fita ke nan, sai baɗi.

Ni na daina buga wasa tun da gwiwata ta samu matsala. Aikina littafi da biro: duk ƙwallon da mai ɗaga mana ta ɗaga, in rubuta wa ta ba, ya shiga ko an tare.

Hanya ba laifi, ban da ramuka, waɗanda direbanmu bai tsallake ko ɗaya ba. Gonakin citta dama da hagu. Mun tsaya shan kunu, na ga ƙosai ya ƙanƙance kuɗinsa ya ƙaru, na faɗa wa mai tuyar. Ta yi dariya ta ce in je in tambayi wake.

Filin na wata firamare ne, an ja layi da toka, sai da aka kori awaki kafin a fara. Zagayen farko 'yan Kwoi suka cinye mu tas. Na duba littafi, raina ya ɓaci. Kusan duk ƙwallon wajen Anti yake zuwa. Anti ce babbarmu, malamar makaranta, ita ta koya wa rabinmu wasan. 'Yan Kwoi sun gane, sun tsayar da dogaye biyu a gabanta suna tarewa. Ƙaramar cikinmu da ke gefen hagu kuwa sau uku kacal aka ba ta, duka ukun sun shiga.

Na ja mai ɗagawa gefe. "Ke, ba ki da ido ne? Hagu babu kowa!"

"To in tsallake Anti in ba yarinya? Da wane ido zan kalle ta ranar Lahadi?"

Na juya wajen koci, ya hau ɗaure takalminsa. Shi ma ɗalibinta ne.

Sai na ɗauki littafin na je wajen Anti da kaina, na ɗan rusuna. "Anti, ki karanta." Ta sa tabarau, ta bi layi-layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa.

"Har yanzu rubutunki ba kyau," ta ce. Sannan ta kira mai ɗagawa. "In kika sake ba ni ƙwallo ga mutum biyu a gabana, zan haɗa ki da mamanki."

Daga nan Anti ta koma yin tsalle tana ihun "Ba ni! Ba ni!", dogayen su bi ta, ƙwallo ya wuce hagu. Kafin su farga mun ci zagaye biyu, wasa ya zama namu. Duk da haka matan zumunta na Kwoi suka cika mu da tuwon acca, Allah ya sa musu albarka.

Mun iso Kafanchan da la'asar, muryoyi sun dishe don waƙa. Abin da na koya shi ne, da na tsaya yi wa mai ɗagawa tsawa, da yanzu mun fita daga gasar. Maganar da kowa yake tsoron faɗa wa babba, kai mata a rubuce. Za ta zagi rubutunka, amma za ta karanta.