Tsiren Muhawara a Ka'akiyya

Laraba: Madina zuwa Makka

Ƙarfe huɗu saura kwata na asuba na fito daga ɗakina a Madina, da jaka ɗaya da kwalbar yajin ƙuli da na daka da hannuna. Sana'ata gashin nama ce a wani gidan abinci, shi ya sa Inna Asabe, matar Kawu Tanimu, ta neme ni. Ranar Alhamis za a nuna muhawarar 'yan takarar gwamnan jiharmu a talabijin, tana so in shirya walima a gidansu da ke unguwar Ka'akiyya a Makka. Amma ba muhawarar ce ta dame ta ba. Kawu Tanimu da ƙanensa Kawu Idi, 'yan'uwan mahaifiyata, tun zaɓen da ya wuce ba sa ga-maciji da juna. Shekara huɗu ke nan.

"Idi ya ce zai zo saboda kai," in ji ta a waya. "Sai ka san yadda za ka yi da bakinsu."

Na shiga motar haya mai ɗaukar mutum bakwai, riyal saba'in. A miƙati muka yi Asuba, na ɗaura harami. Wajen ƙarfe bakwai aka tsayar da mu a shinge, ɗan sanda ya duba iƙamata, wato katin izinin zama, ya buɗe kwalbar ya shinshina, sai ga atishawa uku a jere. Direbanmu, ɗan Yaman, ya ce da shi, "Yajin siriyye ne!" Haka mutanen nan ke kiran tsire. Ɗan sandan ya yi dariya ya ce mu wuce.

Ƙarfe takwas muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis. Goma da rabi muka shiga Makka, bayan tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu. Kafin Azahar na gama umara, na yi aski, na nufi Ka'akiyya. Inna ta ba ni ɗakin baƙi, na yi barci sai La'asar.

Alhamis: Zahir da Ka'akiyya

Da hantsi na je kasuwar Zahir na sayi cinyar rago biyu da aya da zoɓo. Shagon turaren Kawu Idi yana nan kusa, na leƙa gaishe shi. Ya shafa mini turare a hannu ya ce, "Habu, ka sani, ba don shi zan zo ba."

Na ce, "Na sani, Kawu. Don tsire za ka zo."

Tsarina shi ne, muhawarar kashi huɗu ce, kowane kashi da abincinsa da abin shan da ya dace da shi. Dabino da gahawa a buɗe taro. Masa da zoɓo mai citta, don tsami ya yanke maiƙo. Tsire da kunun aya mai sanyi, don ya kashe zafin yaji. A rufe da alkaki da shayin na'ana'a marar sukari. Inna ta toya masa, ni na tsaya kan gawayi a saman soro.

Ƙarfe huɗu da rabi aka fara, a gida biyu da rabi ke nan. Mu goma sha ɗaya ne a falo: ɗalibai daga Kano da Sakkwato, da maƙwabta haifaffun nan da Hausarsu rabi Larabci ce. Kawu Tanimu ya zauna gabas, Kawu Idi yamma. Sallamar ma jama'a ya yi wa, ba yayansa ba.

Gahawa ta wuce lafiya. Masa ma haka, sai dai tsaki nan da can. Ana shiga zancen ruwan sha na kawo tsire. Ɗan takarar Kawu Idi ya ce zai haƙa rijiyoyi a kowace gunduma. Kawu Tanimu ya zabura, da tsoka a baki, ya ce, "Ƙarya! Wanda ya kasa..." Yaji ya sarƙe shi. Ya dinga tari, idanunsa suka yi ja, hawaye na zuba. Ni kuwa na riga na koma kan gawayi, sai jin tarin na yi na sauko da gudu. Tulun kunun ayar yana gefen Kawu Idi. Kafin in isa ya riga ya cika kofi, ya tsallake mutum uku, ya durƙusa yana bubbuga masa baya.

"Yaya, sha. A hankali, Yaya."

Ya sha, ya nisa. Da Kawu Tanimu ya samu murya ya ce, "Duk da haka ƙarya yake yi."

"Naka ma ai bai haƙa ba," in ji Kawu Idi.

Bai koma wurinsa ba. Nan ya zauna, suka ci gaba da gardama suna ci a faranti ɗaya. Wani ɗalibi ya tambaye su wa za su zaɓa, sai ta bayyana ba mai katin zaɓe a cikinsu. Aka yi dariya har da su. Inna har yau tana cewa da gangan na ajiye tulun a can. Wallahi wuri ne ya yi kaɗan.

Muka yi Magariba a masallacin unguwa, kafaɗa da kafaɗa.

Juma'a: Komawa

Bayan sallar Juma'a na yi ɗawafin bankwana. Su biyun suka kai ni tasha a motar Kawu Idi, suna musu kan wace hanya ta fi kusa. Bas ta tashi ƙarfe uku, na isa Madina tara saura. Ina ajiye jaka Inna ta kira ta ce sun wuce asibiti tare, duba wani ɗan garinmu.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Inna Asabe da ta yi haƙurin shekara huɗu tana dafa wa mutum ɗaya abin da ta saba dafa wa biyu.