Gaiwar Kaka: Daga Baruwa Zuwa Diffa da Kifi a Cikin Laka

Tashi daga Diffa

Ladan bai kira sallar asuba ba muka bar gida, ni da Rawa Bukar, ƙanen mahaifiyata. Lokacin ina aji biyu a kwaleji, ana hutu, bazara ta kama. Kogin Komadugu ya ƙafe har yara suna buga ƙwallo a tsakiyarsa.

Saboda Kakana muka yi tafiyar. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya daina cin abinci. A kawo kunu ya ture, a kawo fura ya juya fuska bango, hannunsa ya koma kamar karan dawa. Abu ɗaya ya ce yana so: romon ɗanyar gaiwa, kifin nan na Baruwa, garin da ya yi sana'ar su yana saurayi. Ba banda ba, ba busasshiya ba. Inna ta ce in bi Rawa domin ba na manta abin da aka faɗa mini, ko da yake a aji ma ba na iya ɗaga hannu.

A tasha mun biya jaka biyu da rabi na sefa kowa, muka hau bayan wata tsohuwar mota mai jigilar tattasai.

Geskeru zuwa Boso

Hantsi ya same mu a Geskeru. Na ga tsuntsaye sun sauka a kan shanyar barkono suna tsinta hankali kwance. Wani tsohon manomi da ke kusa da ni ya ga ina kallo.

"Yarinya, tsuntsu ba ya jin yaji," in ji shi. "Abin da zai sa ki hawaye, shi ko atishawa ba zai yi ba."

Na so in tambaye shi dalili, bakina ya ƙi buɗewa.

Bayan Tumur tayar baya ta nutse a rairayi, maza suka sauka turi. A ramin da taya ta tona na ga ƙananan bawon katantanwa farare. Direba ya ce a ƙuruciyar mahaifinsa ruwan babban tafkin da Baruwa take bakinsa yana zuwa kusa da nan. Na ɗauki ɗaya na ƙulle a bakin zane.

Baruwa

Da la'asar muka sauka a gidan Ya Fanna, ƙanwar Kaka. Ta ba mu burabusko da miyar kuka, muka kwana a tabarma a tsakar gida.

Da sassafe Rawa ya tafi gaida mazan gari, ita kuma ta ɗauki fartanya ta ja ni wata fadama da ta bushe ta tsattsage. Babu ɗigon ruwa ko ɗaya. Tana tafiya tana duba ƙasa, har ta tsaya a kan wani rami kamar na shigar yatsa. Ta haƙa kewaye da shi, ta ciro dunƙulen laka mai girman tukunyar miya.

"Ga gaiwar yayana," in ji ta.

Ta ce idan ruwa ya fara ja baya, gaiwa takan shige cikin laka, ta naɗe kanta, ta lulluɓe da yauƙin jikinta, ta yi barci har ruwa ya dawo. Ta wannan ɗan ramin take numfashi.

"Kelu, ki saurara. Kada ya fashe. In ya fashe kuka sa ta a ruwa, ku bar mata sarari a sama. Iska take shaƙa kamar ni da ke. In ba ta sami wurin fito da baki ba, a cikin ruwan za ta nutse ta mutu. In ta mutu a wannan zafin, kafin ku kai Diffa ta yi wari."

Na gyaɗa kai. Rawa bai ji wannan bayanin ba.

Bariyar da ke hanya

A dawowa motar cike take da buhunan tattasai na wata Hajiya Yagana, wadda ta zauna a kansu tana fifita. Na rungume dunƙulen a cinya, naɗe da tsumma.

Da azahar muka iso wata bariyar jandarma, shingen da suke tare motoci su duba. Wanda ya hau duba kaya sabon zuwa ne daga yamma, Hausarsa ma ba irin tamu ba ce.

"Mene ne wannan?"

Na sunkuyar da kai. Rawa ya ce, "Kifi ne, ranka ya daɗe."

"Kifi? A cikin ƙasa? Malam, ni za ka yi wa wasa?"

Ya karɓa, ya jijjiga, ya ƙwanƙwasa a ƙarfen mota. Lakar ta rabe biyu. Wani abu baƙi a naɗe ya motsa, ya yi wani ƙara kamar kukan jinjiri mai mura. Jandarman ya ja baya har hularsa ta faɗi.

"A'uzubillahi! Da rai!"

Mota ta ɗauki dariya, ban da ni. Shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Ya sa aka kawo bokiti mai murfi da ruwa daga randarsu, kyauta.

"Ni dai kada ɗigo ya taɓa mini tattasai," in ji Hajiya Yagana. "In ya jiƙe ya yi baƙi, wa zai saya?"

Don haka Rawa ya cika bokitin har baki, wai kada ruwa ya riƙa kaɗawa, ya danna murfi, ya ɗaure da igiyar roba. "Shi ke nan, Kelu. Kifi ya koma gidansu."

Na buɗe baki. Hajiya tana kallona, jandarma yana kallona. Na rufe.

Tsakanin Tumur da Geskeru

Da farko shiru. Can sai na ji ƙwas a ƙarƙashin tafin hannuna. Gaiwar ta farka, tana dukan murfi. Ƙwas, ƙwas, da ƙarfi. Na dubi Rawa, yana gyangyaɗi.

"Rawa," na ce. Ni kaina ban ji muryata ba saboda ƙugin inji.

Dukan ya fara raguwa. A ji ɗaya, a daɗe, a ji wani mara ƙarfi. Na tuna hannun Kaka a kan tabarma. Na kasa kunne a jikin bokiti. Babu komai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na daki rufin motar da hannu biyu. "Direba, tsaya! Tsaya! Za ta nutse!"

Mota ta ci birki, buhuna suka zame.

"Wa ya faɗi?" in ji direba.

"Kifin zai nutse a ruwa!"

"Yarinyar nan rana ta taɓa ta," in ji Hajiya.

Na miƙa wa Rawa bokiti, na diro, na karɓe shi, na kwance robar da haƙora, na zubar da rabin ruwan a rairayi. Gaiwar tana kwance a ƙasan bokiti ba motsi. Kowa ya leƙo. Sai ta miƙo a hankali, ta fito da baki, ta ja iska har muka ji sautin.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. Sannan ta ce, "To tattasaina fa?"

Na cire mayafina na ɗaure bakin bokitin da shi. Rawa ya zauna gefe ya ɗora shi a ƙafafunsa, duk ruwan da ya fantsama a wandonsa ya ƙare.

Gida

Ana kiran magariba muka shiga gida. Kaka ya sa hannu a bokiti ya shafa bayanta, ta ja iska. Rawa da kansa ya ba da labarin murfi, Kaka ya yi dariya har da tari.

"Bukar, jikan masunta, kai ne za ka kashe kifi da ruwa?" Ya juyo wurina. "Ke kuma, matata, ashe kina da murya?"

Inna ta ɗauki bokitin ta yi madafa, ni na shige ɗaki don kada in gani. Kaka ya shanye romon, ya lashe cokali, ya tambaya ko akwai sauran tuwo.

Ina gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Ya Fanna, da direban da ya tsaya. An zuba mini nawa romon a ƙaramin kwano. Na kasa sha. Na tura wa Kaka, shi ma ya shanye.