Bishiyoyin da Yaya Iliya Ya Dasa a Madina

Daga Malumfashi

Na bar gida kafin kiran sallar asuba, a motar haya mai zuwa Kano. Wana, Yaya Iliya, ya rasu a Madina bayan ya yi shekaru yana aiki a wata gonar dabino. Duk wayar da ya yi sai ya ce wa Inna baɗi zai dawo gaba ɗaya. Da ta rako ni zaure ta ce, "Ban aike ka kwaso kaya ba. Ka dubo mini ko da gaske yana shirin dawowa." Na ce to.

Jidda zuwa Madina

Jirgi ya sauke mu a Jidda da la'asar, na hau bas. A wani shinge askari ya shigo ya duba fasfo, ya sauka. Na sauka a unguwar Bani Harisa a Madina, wurin Malam Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ya tsaya a kan jana'izar. Ya kawo shinkafa da kaza, na kasa ci. Washegari bayan asuba ya kai ni maƙabartar Baƙi'a. Na tambaye shi wanne ne kabarin. Ya nuna wani yanki mai faɗi da tafin hannu, ya ce, "Cikin nan dai yake, ɗan'uwa." Na yi addu'a a inda nake tsaye.

Gonar dabino

Direban tasin da na ɗauka zuwa gonar Bahaushen Chadi ne. "Gona za ka da wannan farar riga? Yalla, hau, amma ba ni zan wanke maka ba." Muka bi ta masallacin Ƙiblatain har gidaje suka ƙare.

Da muka isa gonar aka nuna mini ɗakin Yaya Iliya. Bulo ne da rufin kwano, jikin injin ban ruwa, tabarma biyu ba za su shimfiɗu a ciki ba. Hotunan da yake turo mana duk a harabar masallaci ya ɗauke su. Amma bayan ɗakin kore ne shar: yakuwa, rama, kuɓewa, da wasu ƙananan bishiyoyi.

Wakilin gonar, Malam Usmanu, Bahaushen Sudan ne da ya karanta aikin gona a ƙasar Sikotlan. Ya yi mini gaisuwa, muka zagaya lambun. Ya ce a Sikotlan ya ga tsoffin gidajen barorin gona na zamanin da. Ɗaki na mai gona ne, ana ɗaukar mutum aiki na wata shida ko shekara, in wa'adi ya cika ya ɗora iyali da kaya a keken doki ya nemi wata gonar. Kowane ɗaki da ɗan lambu a bayansa, shi ke riƙe tukunyar gidan.

"Kabeji da dankalin Turawa suka fi shukawa," in ji shi. "Wa zai dasa itacen da ba zai jira 'ya'yansa ba? Ma'aikatan nan ma haka suke, ganye kawai, abin da za a tsinka cikin 'yan makonni. Ban da marigayi."

Ya nuna mini lemun tsami da gwaiba, sannan wani ɗan mangwaro da bai wuce gwiwata ba, an kewaye shi da zarbar dabino.

"Wannan yaushe ya dasa shi?"

"Azumin da ya wuce."

A azumin nan ne ya rantse wa Inna cewa bana ce ta ƙarshe. 

Malam Usmanu ya ce, "Na ce masa, ya Iliya, takardar zamanka shekara-shekara ake sabuntawa, kai kana dashen mangwaro? Ya yi dariya ya ce, Malam, gidanmu ana ɗora tukunya ne saboda ina nan, ina za ni?"

An riga an ba sabon ma'aikaci ɗakin, wani mutumin Bangaladash. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Ya wuce mu da bokiti, ya durƙusa ya zuba wa mangwaron ruwa a hankali don kada ƙasa ta zaizaye.

Komawa gida

Na yi umra a Makka, na dawo ta Kano. Duk hanya ina neman yadda zan faɗa, ban samu ba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran wake. Bayan gaisuwa ta dube ni, tana jira.

Na ce, "Inna, ya dasa mangwaro."

Ita matar manomi ce, ba ta buƙaci ƙari ba. Hannunta ya tsaya cikin faifai. Can ta ce, "Ya fara 'ya'ya?"

"Bai kai ba."

"Akwai mai ba shi ruwa?"

"Akwai."

Ta ce Allah ya ji ƙansa, ta ci gaba da tsince waken.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah ya saka wa Malam Isufu da Malam Usmanu da alheri, haka ma mutumin nan mai bokiti, wanda ban ko tambayi sunansa ba.