Shukar da Ba Ta Son Ruwa

A Fassi, da an idar da sallar isha'i, kakarmu Iya Tabawa takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Tsohuwa ce mai tsokana, amma akwai tatsuniyar da ba ta taɓa yi mana da dariya ba.

"Ga ta nan tafe," in ji ta. Muka ce ta iso.

Wai wata mata ce, duk ɗan da ta haifa sai ya koma. Rannan wata baƙuwa ta ba ta 'yar shuka mai kaurin ganye, kowane ganye da ƙaya a tsininsa. Ta ce, "Ki dasa ta cikin tsakuwa. Ruwa kuwa, daga wannan kasuwar Kibiya sai wata." Ina! Matar ta kasa. Duk alwalar da za ta yi, a gindin shukar take yi, har da ƙarin ludayi idan rana ta take. Ganye ya fara laushi. Wata asuba tana karkata buta, sai ta ji siririyar murya daga ƙasa: "Inna, ya isa haka." Ta taɓa tsakiyar shukar, ta zube mata a hannu, ruɓaɓɓiya.

"Iya, sai me ya faru?"

"Ku tashi ku kwanta, ja'irai."

Ko ƙurunƙus ba ta ce ba. Sai da na girma na ji 'ya'ya da dama ta binne kafin babanmu, kuma har ya yi gemu ba ta bari ya kwana a wani gari ba.

Yanzu a Rano nake aure. Bayan ɗakina tsakuwa ce zalla. Wani mai sayar da furanni ya ba ni irin shukar nan, ya ce sunanta agabe, kada in dame ta da ruwa. Na kawo ta na dasa cikin tsakuwar nan.

Ɗana ɗaya ne, Sadi, bayan biyu da suka rasu. Ya samu gurbin karatu a Zariya, ni kuma kullum da dalilin da nake ƙirƙiro masa don kada ya tafi. Shekaranjiya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Umma, an kusa rufe rajista." Bai ɗaga murya ba. Na ga yadda ya rame a gabana, duk da tuwon da nake tura masa.

Yau da safe na raka shi tasha, tsoro kamar ya kashe ni. A hanyar dawowa na gane ba mu Iya take yi wa tatsuniyar nan ba. Kanta take yi wa, kuma har ta rasu ba ta iya ji ba.