Yadda Na Rufe Bakin Masu Addu'a

Kafin in lalace, ni mai gyaran babur ne a Kontagora, kuma ba a fara addu'ar ranar Laraba a cocinmu sai na iso. Allah ya ba ni murya. Idan na buɗe baki ina roƙo, tsofaffi har hawaye suke yi, ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake.

Ga yadda muke yi. Bayan waƙa, Baba Ayuba, dattijon ikilisiya, zai ce mai buƙata ya miƙe. Sai mutum ya tashi ya faɗi damuwarsa a gaban kowa: ruwan sama ya yi jinkiri, famfon unguwa ya lalace, hanyar Bangi ba lafiya, yaro yana asibiti. Wani ya ce zai yi tafiya da iyalinsa duka, a roƙa masa sauka lafiya. Wani ya yi godiya don ya sami sabon injin ban ruwa. Ba mai ɓoye komai, tunda da Allah ake magana.

Wata rana a gareji, cikin hira, na gaya wa wani abokina cewa wani ɗan cocinmu ya kwashe iyalinsa sun tafi biki Ibeto. Ya tambaye ni ina gidan yake, na kwatanta masa. Ba a jima ba ya kawo mini kyautar waya. Ban tambaye shi inda ta fito ba, don na sani. Daga nan na zama mai rufe ido a coci da kunne a buɗe. Da na ga abokin nawa yana cin kaso mafi tsoka, sai na fara shiga gidajen da kaina.

Mutane ba wawaye ba ne. Sun lura duk wanda ya nemi addu'ar tafiya, ɓarna yake tararwa a gida. Sai buƙatu suka fara raguwa. Mutum zai miƙe ya ce Allah ya san damuwarsa, ya zauna. Aka shiga kallon juna ta gefen ido, har aka zargi wani bawan Allah mai gadi, ya daina zuwa. Duk Laraba ina jin yau za a kira sunana, amma ban daina ba.

Mama Saratu, wata gwauruwa mai tuyar ƙosai, ita ce ta ƙi yin shiru. Ta miƙe ta ce za ta Auna duba mahaifiyarta, kuma ita ba za ta ɓoye wa 'yan'uwa komai ba. Baba Ayuba ya ce in yi mata addu'a. Na yi, mai daɗi kuwa. Washegari da rana tsaka na shiga gidanta. Ashe ta manta maganin da ta saya wa tsohuwar, ta dawo daga tasha. Ta same ni da buhun wakenta a kafaɗa.

"Ɗana," ta ce, "ba kai ka roƙa mini sauka lafiya jiya ba?"

Ba ta yi ihu ba, maƙwabta ne suka gan ni. Sauran ɓarnar duk ta fito a gaban alƙali, aka kai ni gidan yari.

A can addu'a ta gagare ni. Ina buɗe baki sai in ji wannan muryar tawa mai daɗi, in ji ƙyamar kaina. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, Ubangiji ka ba ni sabuwar zuciya. Baba Ayuba ya zo duba ni, na tambaye shi labarin taron Laraba. Ya ce ana yi, amma waƙa kawai ake rerawa a tashi, ba mai faɗin buƙatarsa. Wannan ya fi ɗaurin yi mini ciwo. Wake da injin ban ruwa ana iya sayen wasu, ni kuwa bakin jama'a na rufe a gaban Allah.

Da aka sake ni, na daɗe ina kewaya cocin kafin in iya shiga. Ranar da na shiga, na zauna can baya. Baba Ayuba ya ce mai buƙata ya miƙe. Ba wanda ya miƙe, kowa ya san dalili. Na yunƙura zan fita ke nan sai Mama Saratu ta tashi.

"Gobe zan tafi Auna, mahaifiyata ta rasu," ta ce. "Gidana ba kowa. Shi nake so ya yi mini addu'a."

Ta nuna ni. Na miƙe, muryar nan da nake taƙama da ita ta ƙi fita. Da ƙyar na ce, "Ubangiji, ka kai ta lafiya. Ka tsare gidanta. Ka tsare ni." Ban zauna ba wani tsoho ya tashi ya ce a roƙa mana ruwa, gero yana bushewa.

Har yanzu akwai masu rage murya idan sun hango ni, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ma tsoron kaina nake ji, shi ya sa kullum nake roƙon sabuwar zuciyar nan. Ku matasa, abin da ɗan'uwa ya faɗa a wurin addu'a amana ce, kada ku kai shi gareji ko majalisa ko da da wasa ne. Ni da hira na fara. Mama Saratu ta dawo ta sami gidanta yadda ta bar shi, amma mai gadin nan da aka zarga saboda ni har yau bai sake taka cocinmu ba.