Muciyar Pakcik Salleh

Ko zan manta da komai a aikin jinya, ba zan manta da ranar da aka ƙwace wa Pakcik Salleh muciyarsa ba. Shekaru sun ja, amma duk lokacin da na ba ku labarin nan sai na ji raina ya ɓaci sabo fil, kamar jiya aka yi abin.

A azumin shekarar 2006 ne. Maigidana yana karatu a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ni kuma na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa kusa da unguwar Titiwangsa. Ni ce nas mai kula da ɓangaren ƙasa. Sunana Rifkatu, amma babu tsohon da ya taɓa wahalar da bakinsa da shi, Misi kawai suke ce mini, yadda suke kiran kowace nas.

Gidan hawa biyu ne, kuma sai kun gane bambancinsu za ku gane labarin. A ƙasa ake ajiye waɗanda ke iya tashi, su yi wanka, su ci abinci da kansu. Suna da lambu, suna da baranda, suna da kwamitinsu. A sama kuwa masu kwanciya ne. Ma'aikata ba su da yawa a can, don haka da safe a goge wa mutum jiki, a ba shi abinci, a ɗaga ƙarfen gefen gado, shi ke nan sai gobe. Lokaci-lokaci likita yakan zo ya duba mazauna, shi da manaja da dangin mutum su yanke shawarar inda ya dace da shi. Wanda ya hau sama ba mu cika ganin ya sauko ba.

Kwamitin mazauna ba na ado ba ne. Su ke zaɓen abin da za a dafa, su ke raba aikin lambu, su ke shirya bikin kowa: Sallar Musulmi, sabuwar shekarar 'yan China, bikin fitilun Indiyawa. Shugabarsu Makcik Rokiah ce, tsohuwar malamar makaranta, 'yar ƙarama kamar ka ɗauke ta da hannu ɗaya, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka gyara tsayuwa. Makcik kamar a ce inna ne, Pakcik kuma kawu.

Babban aikinsu na shekara shi ne dodol ta Sallah. Wata irin alawa ce ta madarar kwakwa da garin shinkafa mai danƙo da sukari mai kama da mazarƙwaila. A wani ƙaton kasko ake yin ta a kan itace, ana tuƙawa da muciya mai tsayin mutum tun hantsi har la'asar. Gayya ake yi mata sosai, wannan ya tuƙa ya gaji ya miƙa wa wancan. Mai fara tuƙi da mai rufewa kuwa kullum Pakcik Salleh ne.

Pakcik Salleh tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shekara guda kafin nan ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka ce da wuya ya sake tsayuwa. Da masu gashin ƙashi suka gaji da lallashinsa, ni ce na ce masa, "Pakcik, to wa zai tuƙa mana dodol bana?" Washegari ya nemi sandarsa. Wata da watanni mutumin nan yana koyon tsayuwa a jikin bangon baranda yana zufa, ba don ni ba, ba don likita ba, don muciyar nan. Da azumi ya kama, yana iya zuwa lambu ya dawo da ƙafarsa.

Ana haka aka kawo mana sabon manaja, Encik Fauzi. Encik kamar a ce Malam ne. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya jin maganar kowa. Bai rushe kwamiti ba. Yakan zo zamansu, ya yi murmushi, ya ce "boleh, boleh", wato babu damuwa, sannan ya fita ya yi abin da ya ga dama. Da maganar dodol ta taso ya ce tsofaffi da wuta ba sa haɗuwa, a sayo a kanti. Makcik Rokiah ta ce ba su yarda ba. Sai ya ce to, za a yi, amma a kawo matasa su taimaka. Ya juyo ya ce mini, "Misi, ba 'yan ƙasarku ne suka cika unguwar Taman Melati ba? Kira mana su."

Na kira su. Shugabansu Aminu ne, ɗan Kano, yana karatu a wata kwaleji mai zaman kanta, yaro mai ladabi. Na yi masa bayani dalla-dalla ta waya: su ɗauko itace, su ɗora kasko, su goge kwakwa, amma tuƙi na tsofaffi ne. Ya ce, "Ba matsala, Anti."

Ranar da aka sa, an riƙe ni a ɗakin magani da safe. Kafin in fito Encik Fauzi ya tare yaran a bakin ƙofa, ya gaya musu tsofaffin nan sun gaji, ga azumi, kada su bari kowa ya wahala. Ai kuwa ya sosa musu inda ke ƙaiƙayi. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidan Bahaushe ba sai an gaya masa haka ba.

Ina fitowa baranda na hango Aminu ya rusuna gaban Pakcik Salleh ya kama muciya. Tsohon ya riƙe gam, yana cewa a'a, a'a, yana girgiza kai. Aminu yana murmushi yana ja a hankali. Na san abin da ke ransa. A gida in ka ce wa dattijo "Baba, kawo," dole ya ce "bar shi, ɗana," kai kuma dole ka nace har ya saki. Kara ce, kowa ya san wasan. Yaron nan ya ɗauka wasan ake yi. Bai san mutumin da gaske yake ba, kuma hannu ɗaya ne kawai mai ƙarfi gare shi. Muciya ta kuɓuce. Wasu biyu suka tallafe shi kamar ƙwai, suka zaunar da shi a kujera, ɗaya ya samo kwali yana yi masa fifita. Sauran tsofaffin ma aka jera su a inuwa.

Na ja Aminu gefe na ce, "Kai, me na gaya maka?"

Ya ce, "Haba Anti, sa'an kakana fa ne. Yana tuƙi ina tsaye ina kallo? Wallahi it's not right. Idan babana ya ji, sai ya ce Malesiya ta lalata ni."

Na ce, "Mayar masa da muciyarsa."

Ya juya zai tafi ke nan, sai ga Encik Fauzi tafe da likita da ɗan Pakcik Salleh, wanda ya zo daga wurin aiki a gaggauce. Ni ce nas ɗin ɓangaren, amma ba wanda ya gaya mini ranar ce za a duba shi. Suka tsaya a kansa. Tsoho na zaune, hannun nan mai ciwo yana kan cinyarsa, ana yi masa fifita. Likita ya ce ya tashi ya taka. Pakcik Salleh ya kawar da kai. Aka sake cewa, ya ƙi ko motsi. Fushi yake yi, duk wanda ya san shi ya san fushi ne.

Na ce, "Likita, mutumin nan da ƙafarsa ya zo nan yau da safe. A ba shi muciya ku gani."

Encik Fauzi ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Misi dai tana son tsofaffinta. Amma kun gani da idonku, ko yaran da suka zo yau sun gane bai iya ba."

Maganar nan ta ƙona mini rai. Ya ɗauki ladabin 'ya'yan mutane ya mayar da shi shaida. Ban sani ba ko tun farko ya shirya haka, ko kuwa dama ce ta faɗo masa, kuma har gobe ban damu in sani ba. Abin da na sani shi ne mutumin da ke yawo kusa da wuta da sanda ciwon kai ne ga manaja, wanda ke kwance a gado mai ƙarfe kuwa ba ya faɗuwa. Ɗan ya dubi ubansa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce a yi abin da ya fi. Ban ga laifinsa ba, abin da aka nuna masa ya gani.

Na bi manaja har ofis. Na gaya masa ƙa'idar aiki ta ce a ji ta bakin nas ɗin da ke kula da mutum kafin a canza masa ɓangare. Ya ce ai an ji, ba ga shi na yi magana a baranda ba? Ya ƙara da cewa in tuna baƙuwa ce ni a ƙasar, takardar izinin aikina kuma ta hannun gidan take bi. Na fito ina huci, don na san in na ƙara kalma ɗaya sai dai a ji wani labarin.

Dodol kuwa ta yi kyau. Yara ne majiya ƙarfi, kuma mai dafa abincin gidan ta tsaya a kansu. Aka yanka aka jera a faranti ranar Sallah. Ko tsoho ɗaya bai taɓa ba. Baƙi ne suka cinye suna yabawa. An ɗauki hoto ranar tuƙin, aka rataye a bangon ofis: matasa na aiki, Pakcik Salleh na zaune ana yi masa fifita. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce Allah sarki, ana kula da su.

Bayan Sallah aka hau da shi sama.

Zaman kwamiti na gaba, Makcik Rokiah ta sa a rubuce a nemi a dawo da shi. Encik Fauzi ya ce boleh, za a duba. Aka yi wani zaman, ya ce ana dubawa. A na uku sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce Pakcik Salleh ɗan kwamiti ne, ba wanda ya cire shi, kuma ba a zama babu shi. Tunda shi ba zai iya saukowa ba, su za su hau.

Lif ɗin gidan na ma'aikata ne, makullinsa na hannun manaja. Ba su ma tambaya ba. Suka nufi matakala, mai sanda da mai dafa bango, har da wani tsoho ɗan China da ba ya ganin gabansa sosai, wata Ba'indiya na riƙe da hannunsa. Encik Fauzi ya fito a guje, murmushi ya gudu. Ya ce, "Misi, hana su!" Na ce, "Ranka ya daɗe, aikina in tare wanda zai faɗi, ba in hana mutum zuwa taro ba." Na kira sauran ma'aikata muka tsaya a bayansu, hannuwanmu a buɗe, ba mu taɓa kowa ba. Sun daɗe kafin su kai, suna hutawa a kowane taki, amma sun kai. Suka kewaye gadonsa suka buɗe taro. Makcik Rokiah ta sanar cewa nan za su riƙa zama kowane mako.

Encik Fauzi bai iya jure ganin sun sake hawa ba. Ya kira likita da ɗan Pakcik Salleh, aka sake dubawa, wannan karon aka tambaye ni. Aka sauko da Pakcik Salleh.

Kada ku yi saurin murna. A keken guragu ya sauko. Makonnin da ya yi a kwance sun cinye abin da ya yi shekara yana tarawa a jikin bangon baranda. Mun yi iya ƙoƙarinmu, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Encik Fauzi kuwa ba abin da ya same shi, hoton nan ma bai cire daga bangon ofis ba.

Da azumi ya zagayo, Aminu ya kira ni da kansa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Da na gama, sai ya ce, "Anti, zan iya zuwa?" Makcik Rokiah ta ce ya zo, amma ita za ta ba shi aiki. Aka ɗora kasko a ƙasa-ƙasa, aka tura keken Pakcik Salleh kusa, aka ba shi muciya. Aikin Aminu shi ne ya riƙe keken kada ya motsa. Tsoho na tuƙi da hannu ɗaya, a hankali, yana nishi, muciya na neman kuɓuce masa. Ina kallon yaron nan, hannunsa ya saki keke ya miƙa, sai ya tuna ya mayar. Zufa ta jiƙa masa riga fiye da ta mai tuƙin.

Shi ya sa nake yi muku faɗa, ku sababbin shiga, in na ga kun karɓe cokali daga hannun tsoho don yana ɓata lokaci, ko kun ɗaura masa maɓalli yana cewa ku bari. An koya mana a gida cewa hutar da babba ladabi ne, kuma gaskiya ne. Amma a aikin nan, in tsoho ya ce bar shi, ku tsaya ku dubi fuskarsa tukuna, don wani lokaci ɗan abin da ke hannunsa shi ne abin da ke tayar da shi daga gado. Ladabi ne ya zaunar da Pakcik Salleh a kujera ranar nan, kuma bai sake tashi ba.